Garkuwar ciyawar teku da bakteriyar da ke zaune a jikinta: amsa ga wani malamin kimiyya a Tawa

Malam, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ba ka share tambayar yarinyar nan ba. Ka ce kana cikin darasin garkuwar jiki a ajinka can Tawa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: ciyawar teku ba ta da jini, ba ta da fararen ƙwayoyin jini, ga ta kwance dare da rana cikin ruwan da ke maƙil da ƙwayoyin cuta, to me ya hana ta ruɓewa? Kai kuma da ka bincika sai ka tarar da magana biyu da suka yi maka kama da saɓani: an ce tana da garkuwar da ke kashe bakteriya, an kuma ce jikinta a lulluɓe yake da bakteriya. Ka ce in warware maka.

Duka biyun gaskiya ne. Garkuwar ciyawar teku aikinta zaɓe ne: ita ke yanke wanda zai zauna a jikinta, da yawan da zai kai, da iyakar da ba zai ƙetare ba. In ta yi ƙarfi, taron bakteriyar da ke kanta sai ya zama mai amfani gare ta. In ta yi rauni, cikin wannan taron ne dai masu cinye ta za su fito. Abin da ke fara rikita mu shi ne sunan da muka laƙaba wa bakteriya a Hausa, wato ƙwayoyin cuta. Sunan ya yanke musu hukunci tun kafin a saurare su, alhali mafi yawansu ba su sa cuta, kuma nonon da matar Bafillace ke kawo mana da tsaminsa mai daɗi aikinsu ne. Ina roƙonka a aji ka riƙa cewa bakteriya, ka ajiye “ƙwayar cuta” ga wadda ta tabbata tana cutarwa. Da wannan gyaran kaɗai rabin tambayar ɗalibar ya warware.

Da yake mu ba mu da teku, kuma mafi yawan ɗalibanka ba su taɓa ganin gaɓar Kwatano ko ta Ikko ba, bari in fara da ita kanta ciyawar. Sunan ciyawa aro ne kawai. Ba ta da saiwa irin ta gero, ba ta fure, ba ta da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye. Da duk jikinta take shan abin da take buƙata daga ruwa. Danginta na kusa a wurinmu ita ce gansakukar da ke yin kore a bakin rijiya ko a gefen tafkin Tabalak, ba kainuwa ba, domin kainuwa tsiro ce mai fure. Kashi uku ake raba ta: koriya, ja, da mai ruwan ƙasa. Wannan ta ƙarshe ita ce ke yin dazuzzuka a ƙarƙashin ruwan sanyi, har wata irinta mai suna Macrocystis kan wuce mita 40 a tsawo. Kuma kashi ukun nan ba zuriya ɗaya ba ne, mai ruwan ƙasa ta yi nisa da sauran biyun ƙwarai, shi ya sa makamansu ma suka bambanta.

Sa hannunka cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, ka shafa bangonta. Santsin nan da kake ji gari ne na bakteriya, sun manne sun gina wa kansu yauƙin da ke riƙe su. Duk abin da aka jefa cikin teku, dutse ko ƙarfe ko igiya, haka yake zama cikin kwanaki kaɗan, domin a kowane mililita ɗaya na ruwan teku akwai bakteriya wajen miliyan guda. Ciyawar teku kuwa ta fi dutse jan hankalinsu nesa ba kusa ba, tunda tana fitar da sukari da iskar oksijin, kuma bangon ƙwayoyin jikinta kansa abinci ne: aljinat a jikin mai ruwan ƙasa, agar da karaginan a jikin ja. A santimita ɗaya na fatarta akan ƙirga bakteriya daga ɗaruruwa har zuwa miliyoyi. Wannan agar ɗin ma kana iya saninsa: shi ne daskararren abu mai kama da farfesun ƙafar saniya da ya kwana, wanda ake zubawa a faifan gilashi ana renon bakteriya a kansa a ɗakunan gwaji na Yamai da na ko'ina. Fanny Hesse ce ta ba da shawarar amfani da shi a ɗakin gwajin Robert Koch, masanin bakteriya ɗan Jamus, a farkon shekarun 1880, kuma ya karɓu ne don bakteriyar da ke sa mutum ciwo ba su iya narkar da shi. Amma a teku akwai masu iyawa, kuma su ne abokan gaban ciyawar na asali.

To yaya take gane cewa an fara cin ta? Nan ne abin ya fi burge ni. Ba ta jira ta san sunan maharin. Bakteriya mai cin aljinat sai ta fitar da enzim, wato sinadarin da ke yanka dogon zaren aljinat gunduwa-gunduwa don ta samu ta haɗiye. Waɗannan gutsattsarin na jikin ciyawar kanta su ne ƙararrawa. A shekarar 2001 Frithjof Küpper da Philippe Potin da abokan aikinsu a tashar binciken teku ta Roskof, arewa maso yammacin Faransa, suka nuna haka a kan wata ciyawa mai ruwan ƙasa, Laminaria digitata: in aka zuba mata gutsattsarin aljinat na wani nau'i da ake kira guluronat, cikin minti biyu zuwa uku sai ƙwayoyin fatarta su fara feso haidurojin feroksaid, feshin ya kai ƙololuwa cikin ƴan mintuna, ya lafa bayan kamar rabin awa. Wannan sinadarin ka san shi sarai, shi ne ruwan oksijene da ake saya a famasi, wanda ke kumfa in an zuba shi a kan ciwo. Injin da ke ƙera shi a jikin ciyawar ɗan'uwan wanda ke cikin fararen ƙwayoyin jininmu ne, su ma da irin wannan feshin suke ƙone abin da suka haɗiye. Ka ga ke nan ɗalibarka ta yi gaskiya da ta ce babu farar ƙwayar jini, sai dai makamin farar ƙwayar yana nan, an raba wa kowace ƙwayar fata nata.

Na taɓa maimaita wannan gwajin da hannuna lokacin ina karatu a bakin teku, kuma har yau ina tuna shi. Ka yanko ɗan ganyen Laminaria ƙarami, yana zille maka a hannu kamar kuɓewar da aka yanka, ga sanyin ruwa na cin yatsu. Ka sa shi a kofin gilashi ka bar shi ya huce daga zafin yankan, sannan ka ɗiga gutsattsarin. Da ido ba ka ganin komai, ganyen yana kwance shiru. Sai ka riƙa ɗibar ruwan kofin kaɗan-kaɗan kana haɗa shi da luminol, wani sinadari mai ba da haske in ya haɗu da feroksaid, kana sa wa a na'ura. Lambar da ke kwance a ƙasa sai ta miƙe tsaye. Ranar da na fara gani, sai da na sake leƙa kofin, don na kasa yarda cewa wannan abu mai kama da tsumma ne ya ji an taɓa shi har ya mai da martani.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo a 2002 daga wannan ƙungiya ta Roskof. Sun gwada nau'i 45 na ciyawa mai ruwan ƙasa, 15 suka amsa ƙararrawar. Sannan suka toshe injin feshin da wani sinadari, ba su ƙara wata baƙuwar ƙwayar cuta ba. Ciyawar ta fara narkewa, kuma bakteriyar da tun farko ke zaune lafiya a jikinta su suka cinye ta. Ka tsaya a kan wannan, Malam, domin shi ne zuciyar maganar. Masu iya cin ta suna nan tare da ita kullum. Feshin ne ke riƙe su a bakin iyaka, duk wadda ta fara gutsura sai ta jawo wa unguwarsu wuta.

Ita wannan wutar ba kowa take ci daidai ba, kuma ta nan ne garkuwar ke sauya fasalin taron. Florian Weinberger da Michael Friedlander sun nuna a shekarar 2000, a kan jar ciyawa Gracilaria conferta da ake reno a Isra'ila, cewa gutsattsarin agar na tayar da irin wannan feshi, cewa yana share kaso mai yawa na bakteriyar fata cikin mintuna, kuma masu cin agar ne suka fi shan kashi. Akwai dalilai a fili. Mai gutsura ita ce ta fi kusa da inda feshin ke fitowa. Wadda ke da katalas, enzim ɗin da ke farfasa feroksaid ya mai da shi ruwa da oksijin, tana da laimar da za ta fake. Wadda ke can tsakiyar yauƙi ita ma ta samu mafaka. Saboda haka bayan kowane feshi waɗanda suka rage ba hoton waɗanda suka gabata ba ne, an tankaɗe su, kuma wurin da aka share sai wasu su cika shi. In aka yi ta maimaitawa, taron da ke kan ciyawar sai ya bambanta da na ruwan da ke kewaye da ita, ya bambanta da na dutsen da take manne a kai, kuma bincike bayan bincike haka yake samu. Sai dai makamin yana da tsada. A jikin Gracilaria ɗin nan, in feshin ya yi yawa, kan rassanta sai ya yi fari ya mutu, ita ta ƙone kanta. Shi ya sa ba ta barin sa a kunne, sai an taɓa ta.

Feroksaid ma somin taɓi ne. Laminaria tana tara aidin a jikinta fiye da duk wani mai rai da aka sani, har ninki 30,000 na abin da ke cikin ruwan teku, kuma a tokar ciyawar teku ne Bernard Courtois ya gano aidin a 1811, wannan dai aidin ɗin da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Tana da wasu enzim masu ɗauke da ƙarfen banadiyam, waɗanda ke haɗa feroksaid da aidin ko da bromin, wani ɗan'uwan aidin da ke cikin ruwan teku, su fitar da sinadarai ƴan gidan su ruwan jabel. Ka san yadda jabel ke yi wa santsin randa. Aidin ɗin kuma yana kare ita kanta ciyawar daga ƙunar feshinta, kamar yadda Küpper da abokansa suka bayyana a 2008. Wata jar ciyawa mai suna Asparagopsis tana ajiye bromoform, wani sinadari mai bromin, a ƙananan jakunkuna cikin jikinta don rage bakteriyar fatarta. Wannan zai ja hankalin ƴaƴan makiyaya a ajinka: in an haɗa ɗan kaɗan na ciyawar nan cikin abincin shanu, bromoform ɗin yana toshe aikin ƙananan halittun tumbi masu ƙera iskar metan, mai ƙara ɗumamar duniya, har wasu gwaje-gwaje a Ostareliya da Amurka sun ga ragin da ya wuce kashi 80 cikin ɗari. Makamin da aka ƙera don fatar ciyawa ya je ya yi aiki a cikin saniya.

Akwai dabarar da ta fi kisa wayo, kuma ita na fi so in koyar. Bakteriya ɗaya tilo ba ta kai hari, domin enzim ɗinta zai watse cikin ruwa a banza, ta kuma tona wa kanta asiri. Suna jira ne sai sun yi yawa. Yadda suke ƙirga kansu kuwa, kowace tana fitar da wani ɗan sinadari kamar mai gyaran murya cikin duhu don a san yana nan. In sinadarin ya taru ya kai wani mizani, sai duk su gane cewa taro ya cika, a lokaci guda su fara gina yauƙi, su bazu, su saki enzim. Jar ciyawa Delisea pulchra da ke tsiro a gaɓar Sidni ta Ostareliya tana ƙera wasu sinadarai masu bromin da ake kira furanon a cikin wasu ƙwayoyi na musamman, tana tura su saman fatarta. Surarsu ta yi kama da ta sinadarin ƙirgar, sai su shiga inda yake shiga a jikin bakteriyar, su sa furotin ɗin da ke sauraron kiran ya lalace da wuri. Michael Givskov, Staffan Kjelleberg, Peter Steinberg da Rocky de Nys ne suka fara bayyana wannan a 1996. Bakteriyar tana nan da ranta, tana ci tana sha, amma ta kurumce, kullum tana zaton ita kaɗai ce, ba za ta taɓa jin an ce a tashi ba. Kuma da yake ba dukkan bakteriya ke magana da wannan harshen ba, furanon ya fi takura wa wani ɓangare ya bar wani, nan ma tankaɗe ne. Ita ma Laminaria an nuna a 2001 cewa jabel ɗinta na bromin yana lalata wani nau'in sinadarin ƙirgar tun yana cikin ruwa.

A kan Delisea ɗin nan ne aka fi ganin abin da ke faruwa in garkuwa ta faɗi. Lokacin zafi, musamman a ruwa marar zurfi, furanon ɗin jikinta na raguwa, sai a ga tsakiyar reshe ya koɗe ya yi fari. Masu bincike na jami'ar New South Wales sun reni ciyawar cikin ruwan da aka cire wa bromin, don ta tashi ba ta da furanon, suka haɗa ta da wata bakteriya, Nautella italica R11. A 2011 suka ba da rahoto: cutar na kamawa ne in abu biyu suka haɗu, ruwa ya yi ɗumi kuma furanon babu. Daga baya aka ga ba ita kaɗai ba ce, bakteriya iri-iri na iya haifar da farin nan, kuma a wurin da ya koɗe taron gaba ɗaya ne ya hargitse, waɗanda da can ƴan tsiraru ne sun zama masu rinjaye. Wannan ya sa ni ban gamsu da yadda littattafan makaranta ke koyar da cuta ba, wato ƙwaya ɗaya cuta ɗaya. Ga tarin fuka da kwalara haka ne. Ga ciyawar teku sau da yawa tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya raunana mai gida har baƙinsa suka juya masa? A 2022 ƙungiyar Suhelen Egan a wannan jami'a ta ƙara wani abu. Sun ware wata bakteriya, Phaeobacter BS52, daga jikin lafiyayyar Delisea, suka zuba ta tare da mai sa cutar, farin ya ragu. Ba ta kashe mai cutar kai tsaye ba, ta hana taron hargitsewa ne. Ashe wani sashe na garkuwar ciyawar su bakteriyar ne da kansu.

Daga nan amsar “me ya sa ba ta share su duka ta huta ba” ta fito. Ba za ta rayu yadda ya kamata ba. Tun 1958 Luigi Provasoli ya lura cewa koriyar ciyawa Ulva, wadda a teku take faɗi kamar ganyen salak, in aka rene ta ba tare da bakteriya ko ɗaya ba, ba ta yin ganye. Dunƙulewa take ta zama tarin ƙwayoyi marar fasali. A 2005 Yoshihide Matsuo da abokansa a Jafan suka ware sinadarin da wata bakteriya ke bayarwa, suka sa masa suna talusin, ɗigonsa kaɗan ƙwarai ya isa ya sa ganye ya fito. Thomas Wichard na jami'ar Jena a Jamus ya nuna cewa bakteriya biyu kacal, Roseovarius da Maribacter, sun isa su mai da Ulva mutabilis cikakkiya: ta farko tana sa ƙwayoyi su rarrabu su yawaita, ta biyu tana sa bango ya ginu daidai, abin mannewa ya fito. Ulva kuma ba zaune take tana jiran sa'a ba, tana fitar da wani sinadari mai farar wuta da ake kira DMSP wanda Roseovarius ke bin ƙanshinsa, in ta iso ta tarar da gilisarol, wani sinadari mai zaƙi, ta ci. Har jariran Ulva masu iyo, kamar yadda Ian Joint ya nuna a 2002 a Ingila, suna sauraron sinadarin ƙirgar nan na bakteriya don su zaɓi inda za su sauka. Kiran da Delisea ke toshewa shi Ulva ke bi. Ga kuma bitamin B12, wanda bakteriya da wasu ƙananan halittu masu kama da su da ake kira akiya kaɗai ke ƙerawa: wani bincike na jami'ar Kambirij a 2005 ya duba nau'i 326 na dangin gansakuka, ya samu 171 ba su rayuwa sai an ba su shi daga waje.

Wane ne ake bari ya zauna ke nan? Catherine Burke da abokan aikinta sun ba da amsa mai kyau a 2011. Sun kwatanta bakteriyar da ke kan ganyaye daban-daban na Ulva australis, suka ga nau'o'in sun yi tarayya da kashi 15 cikin ɗari kawai, amma ayyukan da ƙwayoyin gadonsu ke iya yi sun yi tarayya da kashi 70. Kamar kasuwannin ƙauye ne: mahaucin Badagishiri daban da na Ilela, amma kowace kasuwa da mahauci da maƙeri da mai awo. Ciyawar ba suna take tambaya ba, sana'a da hali take dubawa. Mahasweta Saha da Weinberger, a cibiyar GEOMAR ta Kil a Jamus, sun gwada sinadaran fatar wata Gracilaria a 2019 suka ga suna jawo bakteriya masu kare ta, suna korar masu sa mata farin kai. Sun kira abin aikin lambu, kuma sunan ya dace.

Kada ɗalibanka su ɗauka wannan zancen Turai ne kawai. A Zanzibar tun 1989 ake noman jar ciyawa don karaginan, mafi yawan manoman mata ne, suna ɗaure rassa a igiya cikin ruwa marar zurfi. Babbar masifarsu wata cuta ce da ake kira ayis-ayis, sunan daga Filifin ya fito: reshe ya yi fari kamar ƙanƙara, ya yi laushi, ya karye ya bi ruwa. Danilo Largo da abokansa sun nuna a 1995 cewa bakteriya irin su Vibrio na da hannu, amma sai ciyawar ta galabaita da zafi ko ƙarancin gishiri tukuna. Da ruwan gaɓa ya ƙara ɗumi, nau'in Kappaphycus mai tsada ya yi ta mutuwa, mata da yawa suka koma Eucheuma mai araha. Shawarar da masana irin su Flower Msuya ke bayarwa ita ce a matsa da gonar zuwa ruwa mai zurfi mai sanyi, wato a sauƙaƙa wa ciyawar ta riƙe mutanenta da kanta. Wannan abincin iyali ne, kuma yana taɓa ni.

Yanzu ga yadda zan so ka kai darasin aji, ƙanena, tunda teku ta yi mana nisa. Albasar Galmi da ke ruɓewa a rudu lokacin zafi labarin nan ne: bakteriya masu narkar da fektin, wato abin da ke manne ƙwayoyin albasa, suna samun ƙofa ta wurin rauni ko wuyan da bai bushe ba, suna ƙirga kansu da irin sinadarin da na faɗa, kuma tsirran tudu ma gutsattsarin fektin ɗinsu ne ke tayar musu da feshin feroksaid. Manomin da ke barin albasa ta sha iska wuyanta ya bushe kafin ya ajiye, ya san rabin wannan ilimin.

Sayi kwalbar oksijene guda, ka yanka ɗanyen dankalin turawa ko ƴar hanta, ka ɗiga a kai, su ga kumfa. Dafa wani yankin ka ɗiga, su ga shiru. Wannan ita ce katalas, laimar da na ce wasu bakteriya na fakewa da ita. Ka sa ɗaya daga cikinsu ya kawo ɗan tsohon tulu su shafa santsinsa. Sannan in damina ta kama, ka kai su gonar wake lokacin da ya fara fure, ku tono gindi ɗaya a hankali da ƙasarsa, kada a fizge, ku wanke saiwar a bokiti. Za su ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Ka tsaga ɗaya da reza: in cikinsa ja-ja ne kamar nama, bakteriyar da ke ciki suna aiki, suna kama naitirojin na iska suna ba waken, shi ya sa gero ke kyau a gonar da wake ya kwana. Waken yana da garkuwar da za ta iya ƙone su tun a bakin saiwa, amma da suka aiko da sinadarin sallama ya gane su, ya sassauta, ya gina musu ɗaki. Ka miƙa wa yarinyar da ta yi tambayar rezar, ita ta tsaga na farko, sannan ka rubuto mini abin da ta ce.